Kwalba ta Bakwai da Idon Hagu

Harobanda, Yamai
Ranar Alhamis

Zuwa ga ɗiyata Balkisa,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar uwa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki lafiya a Maraɗi, Ya tsare ki a zaune, Ya tsare ki a hanya. Ki gaida gwaggonki da mutanen gidanta, ki ce na gode da saukar da suka yi miki.

Shekaruna saba'in da uku, kuma ba na neman tausayin kowa, har da naki. Da ƙafata nake fita in tari taksi, in ƙetare gada in je kasuwa in dawo, kuma har yau babu mai kifin da ya taɓa sayar mini da na jiya. Duk wanda ya ce mini sannu da irin muryar da ake yi wa majinyaci, nakan tambaye shi abin da ke damunsa. Na zaɓi rubutu ne domin a tarho kina katse ni. In na ɗaga murya ki yi kuka, in na sassauta ki ce ba ni da lafiya. Takarda kuwa sai kin kai ƙarshenta.

Tun kafin ki tafi sallama da dangin mahaifinki kika fara wata magana, shekaranjiya kuma kika maimaita ta. Kin ce idan kin dawo ranar Litinin za ki rubuta wa farfesar da ke jiranki a Koriya, ki roƙe ta ta ɗage zuwanki da shekara guda, saboda yanar idona na hagu, wadda na yi shekara uku ina ƙin a taɓa ta. Kin ce ba za ki tafi ki bar ni ina laluben ƙofa ba. Biyen jirginki, wato tikitin tafiyarki, yana cikin aljihun teburina, saura kwana goma sha biyu, kuma ke da ni mun san cewa gurbin karatu irin wannan ba ya zama yana jiran mutum. Maganar ido za ta zo a wurinta. Kafin nan ina so ki ji wasu kurakuraina, domin aikin da za ki je yi shi ne na yi shekaru ina yi, kuma na lalata shi ta hanyoyin da ba a rubuta su a littafi ba.

Gwaggonki ta tambaye ni me za ki je yi a ƙarshen duniya. Na ce mata za ki je ki nemo abin da ke sa saiwa ta yi kumfa. Ta ce Allah Ya kyauta, amma a Maraɗi ma akwai sabulu. Ban yi mata gardama ba. Da ta ba ni lokaci da na gaya mata cewa saiwar jinseng, wadda mutanen can suke girmamawa a matsayin magani, tana ɗauke da saponin, wato sinadaran da ke yin kumfar, iri-iri masu kama da juna kamar ƴaƴan uwa ɗaya, kuma aikinki shi ne ki raba su ɗaya bayan ɗaya, ki tabbatar da ko wanene kowannensu. Ni da saiwar aduwa na yi nawa, ina fatan samun abin da zai kashe katantanwar da ke baza tsargiya a gonakin shinkafa na bakin gulbi.

Kuskurena na farko a kasuwa na yi shi. Lokacin ina sabuwar malama a jami'a, shekara biyu da aure, ina da farar rigar labo da takardar shaidar da nake jin ta ɗauke mini tambayar kowa komai. Ina bukatar buhun saiwar aduwa kowane wata, sai na samu wani dattijo mai magani daga Tawa a wata kasuwa ta wajen Bukoki, ana ce masa Baba Cindo. Ranar farko ya tambaye ni na wane ciwo ne. Na ce masa wannan ba ruwansa, ya dai samo mini, kuma ya riƙa daka ta kafin in zo domin turmin gidana ƙarami ne. Ya dube ni, ya leƙa bayana ya ga babu goyo, ya ce to.

Wata goma sha huɗu ina aiki da garin Baba Cindo. In jiƙa shi a alkol, in tace, in ƙafe, in ɗiga a kan farantin gwaji, in fesa asid in gasa, in ƙirga ɗigon shunayyar da suka fito. Wani wata su fito biyar, wani wata tara, wani wata kuma a samu wani rawaya a gefe wanda ban san daga inda ya zo ba. Maimakon in yi shakka, sai na rubuta a kaye, littafin aikina, da babban baƙi cewa aduwa tana sauya sinadarinta tsakanin rani da damina. Har na fara shirya jawabin da zan gabatar wa abokan aiki, na zaɓi zanen da zan ɗaura ranar.

Ana nan sai na samu cikin yayanki. Ranar da na je karɓar buhu, cikin ya fito, Baba Cindo ya miƙe tsaye ya ɗaga hannu sama, ya kira mai goro da mai tabarmi su zo su shaida. Sannan ya rage murya, ko da yake duk layin yana ji, ya ce: "Ƴata, na san kunya ce ta hana ki faɗa, shi ya sa ban sake tambaya ba. Tun buhu na biyu nake ƙara miki saiwa uku na haihuwa. Da na ga shiru na ƙara biyu. Kyauta ce, kada ki ce komai."

Mata suka kewaye ni da barka. Shi kuma abu ɗaya ya ce yana ba shi mamaki, yadda mace siririya kamata take shanye buhu guda a wata. Na tambaye shi sunayen saiwoyin da ya ƙara, ko zan ceci wani abu daga aikina, ya ce wannan sirrin gidansu ne. Har ya rasu yana kiran yayanki ɗansa, yayanki kuma yana amsawa.

Saboda haka, Balkisa, kada ki yarda a miƙo miki gari a leda a ce ga jinseng. Ki nemi a kai ki gona, ki ga an tono ta, ki tambayi shekarunta a ƙasa, ki san ko an turara ta ko ɗanya aka shanya, ki ajiye guda ɗaya cikakkiya da ganyenta a matsayin shaida. Kuma duk wanda ya tambaye ki me za ki yi da abu, ki gaya masa, ko da mai shara ne. Mutanen kirki, idan aka ɓoye musu dalili, sukan ƙirƙiro nasu su taimake ka a kansa.

Daga nan na koma zuwa daji da kaina ina tsayawa a kan masu tono. Aiki ya fara daidaita, sai gaggawa ta shigo. Mahaifinki, Allah Ya jiƙansa, yana da lambu a Gamkale, da wani ɗan tafki da yake kiwon kifi a ciki. Na ga katantanwa a bakin tafkin, na ga babu dalilin ɓata wata guda ina gwaji a kofi, sai na juye bidon guda na ruwan saiwa a ciki. Kafin la'asar kifin nan duka ya taso sama, ciki a waje. Masu lambun maƙwabta suka zo da kwanduna. Na tsaya a bakin ruwa ina hana su da Faransanci, su kuma suna yi mini godiya da Zabarmanci. Katantanwar da na zo dominta kuwa an tattake ta a wajen kwasar kifi, ban iya ƙirga ko ɗaya ba. Ki fara da kaɗan, ki auna, ki rubuta. Kuma kada ki yi gwaji a kan kayan wani, ko da mijinki ne.

Na uku ya fi waɗannan ciwo, domin an gargaɗe ni. Akwai wata Bazabarma mai wanke mana kwalabe a labo, sunanta Hamsatu, ba ta taɓa shiga lakkol ta yi boko ba. Kin san injin ƙafe ruwa, wanda ke juya tulun gilashi cikin ruwan ɗumi yana zuƙe alkol. Kin kuma san cewa saponin ba ya son wannan injin, da zarar ya ji iska ta ja shi sai ya taso da kumfa. Hamsatu ta daɗe tana kallona ina fama, ina kashewa ina kunnawa. Wata rana ta ce mini su a bakin gulbi, idan tukunya tana da maiƙo sabulu ba ya kumfa a cikinta, ko zan ɗiga wani abu mai maiƙo in gani. Na amsa mata da cewa nan ba bakin gulbi ba ne.

Bayan mako biyu shugaban sashenmu ya ce zai kawo manyan baƙi su ga aikinmu da ƙarfe goma sha ɗaya. Ina so su iske busasshen gari a gindin tulu, sai na ƙara wa ruwan zafi na ƙara wa injin ƙarfi. Suna shigowa kumfa ta hau wuyan tulun, ta bi bututu, ta cika ɗaya tulun, ta shiga famfo, ta fito ta bayansa tana tafiya a kan tebur a natse kamar an aike ta. Ta sauko ƙasa ta rufe takalmin babban baƙon. Mutumin yana da ladabi, ya tambaye ni ko haka ake so ta yi. Na ce masa eh. Hamsatu ta zo da tsumma tana gogewa, ba ta ɗaga kai ba, amma kafaɗunta suna rawa. Abin da ya rage a tulun ma zafi ya riga ya sauya shi, sai zubarwa.

Daga baya na samu maganar Hamsatu a wani babban littafi, an rubuta ta da dogon Faransanci: ɗigo ɗaya na wani alkol mai maiƙo yana kwantar da kumfa. Na gwada, ya yi. Ban iya buɗe baki na ce mata ta yi gaskiya ba. Da Salla ta zo na kai mata turmin atamfa ban faɗi dalili ba. Ta juya shi, ta shafa, ta ce: "Madam, kumfa ta kwanta ke nan?"

A can za ki samu masu wanke kwalabe da masu kula da injuna waɗanda suka ga ɗalibai ɗari irinki sun zo sun wuce. Ki koyi gaisuwa da harshensu tun makon farko. Idan sun gaya miki abu ki gwada kafin ki raina, idan kuma ya yi, ki faɗa musu da baki. Atamfa ba ta maye gurbin wannan. Game da zafi kuma, ki tuna cewa mutanen can da gangan suke turara saiwarsu ta koma ja, domin zafi yana mayar da wani saponin ya zama wani. Idan kika yi gaggawa da wuta, za ki gano abin da ke da kanki kika dafa, ki ɗauka Allah ne Ya halitta shi a saiwa.

Bayan shekara huɗu na tara farin gari wanda ya kusa cika gwangwanin madara, saponin na aduwa gaba ɗaya, ba a rarraba ba. Daga ciki na ɗebi kaɗan na bi da shi ta dogon bututun gilashin da ake rarrabewa da shi, ina tarar abin da ke ɗigowa kwalba bayan kwalba. A kwalba ta bakwai na samu ɗigo ɗaya tak a kan faranti, tsaf, babu maƙwabci. Bai fi abin da za a ɗauka da bakin farce ba, amma nawa ne.

A lokacin akwai wani abokin aiki da yake yawan tambayata yaya aiki. Na yanke hukuncin cewa sata yake shiri. Sai na kwashe babban garin na zuba a gwangwanin madara na gaske, na ƙi manna masa kowace takarda, na kawo shi gida. Na yi tunani mai zurfi a kan inda ɓarawo ba zai duba ba, na ajiye shi a kan kantar bayan gida, kusa da wani gwangwanin madarar da muke zuba garin sabulun wanki. Na yaba wa kaina wannan dabara ƙwarai.

Mahaifinki ba ya yarda kowa ya wanke masa huluna. Ranar wata Juma'a da safe na dawo daga kasuwa na iske shi a tsakar gida, hannun riga a naɗe, yana atishawa ba ƙaƙƙautawa, ga huluna bakwai a kife a kan ƙwarya suna shan rana, ga kumfa har gindin lemo. Gwangwanina yana gefe, ya ɗauraye shi tas don kada a yi asara. Ya share hanci ya ce mini wannan sabulun shi zan riƙa saye, yana sa mura amma ba ya cin hannu.

Kwana uku ban yi masa magana ba, shi kuma yana zaton don ya jiƙa tsakar gida ne. Da na gaya masa, ya daɗe yana kallon hulunan. Sannan ya tambaye ni, da zuciya ɗaya, ko idan aka jiƙa su a alkol ɗina abin zai fito. Na ce masa wannan maganar jahilci ce. Ranar Litinin na sa huluna uku a jaka na tafi da su labo. Abin da na samu shi ne bula, da man gashi, da wani abu da ban so in bincika ba. Hulunan kuma suka koɗe, ya ci gaba da sa su a haka har suka mutu, bai taɓa yi mini gori ba. Abokin aikin nan kuwa, daga baya na gane cewa kowa yake tambaya yaya aiki, har mai gadi.

Ki manna takarda a kan kowace kwalba, ki rubuta abin da ke ciki da ranar da sunanki, da rubutun da wani zai iya karantawa idan ba kya nan. Ki raba abin da kika samu gida biyu, ki ajiye a wuri biyu. Kada ki ɓoye aikinki. A tsawon shekaruna ban ga ɓarawon da ya yi mini ɓarnar da na yi wa kaina ba.

Yanzu na zo kan wanda ya sa na ɗauki bik na rubuta wannan takarda. Abin da ya tsira shi ne ɗan garin kwalba ta bakwai. Na raba shi da ƴan'uwansa, amma ban san ko wanene ba, kuma a Yamai babu injin da zai gaya mini. Na rubuta wa wata farfesa a Faransa, ta amsa da hannunta, ta ce in zo da shi in yi shekara guda a labonta. An gama takardu, an sa rana. Saura wata guda sai aka aiko daga Damagaram cewa Inna, kakarki, ta zame a bakin rijiya ta karya ƙugu. A ranar na rubuta wa farfesar cewa ta yi haƙuri sai baɗi. Kowa ya yaba mini. Aka ce ga ɗiya ta gari, ilimi bai ɓata ta ba.

Inna tana da ƴaƴa mata biyu a unguwarsu, da maɗorin da ya san aikinsa. Na je na zauna a kanta ina gyara mata matashi, ina hana ta goro, ina yi wa maɗori tambayoyin da ba ya so. Kwana arba'in ta miƙe da sanda. Abu na farko da ta yi da sandar shi ne ta nuna mini ƙofa. Ta ce: "Ni na karye, ke kika kwanta. Wa ya aiko ki?"

Ta rayu shekara goma sha tara bayan wannan. Duk baƙon da ya zo ya iske ni a gidan, sai ta nuna ni ta ce wannan ita ce mai ilimin, Turawa sun kira ta, tsoron jirgi ya hana ta zuwa. Nakan ji haushi in gyara mata, in ce saboda ita na zauna. Takan ce uhum.

Inna ta yi kuskure a kan jirgi, amma ba ta yi kuskure a kan tsoro ba. Wannan ban taɓa gaya wa kowa ba, har mahaifinki. Injin nan na Faransa nake tsoro. Zai iya cewa garina ba tsarkakakke ba ne, abu biyu ne suka hau kan juna. Zai iya cewa wani ya riga ya gano shi tun ina lakkol, ya sa masa suna, ya wuce. Muddin ban je ba, abin da ke cikin kwalbar nan sabo ne a duniya, ni kuma mace ce da ƙaddara ta tare. Ƙugun Inna ya zo mini daidai lokacin da nake bukatarsa, na riƙe shi da hannu biyu. Baɗi ta zo, gurbin ya tafi ga wani. Shekarar da ta biyo farfesar ta yi ritaya. Garin ya yi rawaya, ya yi ruwan ƙasa, ya manne a gindin kwalba. Har na bar aiki sunansa na bakwai, kamar yaron da aka manta a yanka wa rago.

Na saurari muryarki a watannin nan, Balkisa. Sau uku kina tambayata ko ɗaliban can sun fi namu ƙwarewa, sau biyu kina cewa an riga an gano saponin ɗin jinseng da yawa, me ya rage miki. Bayan kowace tambaya sai ki koma kan idona. Ban ce ba kya sona ba. Ni ma ina son Inna. Amma na san wannan hanyar, na san inda take fita. Mai yiwuwa ne su fi ki a watannin farko. Mai yiwuwa ne ki yi shekara guda a kan ɗigo ɗaya, injin ya ce miki an san shi. Idan haka ta faru ki rubuta sunansa a kaye da kyau, ki ɗauki kwalba ta gaba. Wanda aka gaya wa cewa an riga shi ya fi ni, domin shi ya ji amsa.

Sauran ƙananan abubuwa kin san su. Ki sayi rigar sanyi a can, ta nan wasa ce. Ki tambayi abin da ke cikin miya kafin ki sha. Kada ki ɗanɗana komai a labo, ko da sun ce magani ne. Kuma kada ki kawo mini saiwar tasu tsaraba da sunan maganin tsufa, zan ba gwaggonki ta yi wanki da ita.

Allah Ya kai ki lafiya, Ya saukar da ke a hannun mutanen kirki. Ya tsare miki imaninki da lafiyarki da hankalinki, Ya kare ki daga sanyin ƙasarsu da kaɗaicin baƙunci. Ya ba ki haƙurin jiran ɗigo, Ya ba ki ƙarfin jin amsa ko wace iri ce. Ya dawo mana da ke da abin da kika je nema.

Saura maganar ido. Kin daɗe kina tambayar abin da ya sa na ƙi aikin, ina ce miki ban shirya ba. Dalilin shi ne likitan idon da kowa ke yabo ɗalibina ne a shekararsa ta farko, kuma na ba shi shida bisa ashirin a kimiyyar sinadarai. Ban ga yadda zan kwanta in miƙa idona ga shida bisa ashirin ba.

Kwana biyu bayan tafiyarki na ɗauki taksi na je wurinsa. Ma'aikatan asibitin suka ce sai da ɗan rakiya, na koma na ɗauko maƙwabciyata Hajiya Zali, wadda ta rantse ba za ta gaya miki ba, kuma ga mamakina ta cika. Ranar Laraba ta makon jiya aka yi aikin. Kafin ya fara na tambaye shi ko ya ƙara karatu tun rabuwarmu. Ya ce: "Na ƙara kaɗan, Madam. Yanzu ki yi shiru, kuma kada ki motsa." Shekara arba'in babu wanda ya yi mini magana haka. Na yi shiru.

Shekaranjiya da kike kuka a tarho a kan idona, ina zaune ne ina ɗiga masa magani. Ban gaya miki ba domin ba na sanar da sakamako kafin a tabbatar da shi, kuma sai jiya ya duba ya ce ya yi kyau. Na karanta masa allon gwajin ido har layin ƙasa, na kuma nuna masa cewa allon yana bukatar gogewa. Na dama, in ji shi, zai kai ni shekara uku ko fiye, wato daidai tsawon karatunki.

Ina da ƙorafi, ba zan ɓoye miki ba. Babu wanda ya gaya mini cewa labulen falo ya koɗe haka, ko cewa fuskata ta yi wannan nisa. Na kuma shiga ɗakinki na ga saman kabad. Za mu yi magana a kansa.

Ba ki da sauran abin rubuta wa farfesa sai ranar isowarki da lambar jirgi. Idan tsoro ne, ki zo da shi ranar Litinin mu naɗe shi tare da kayan sanyi, ki tafi da abinki. Amma idona ba ya cikin hujjojinki, na riga na karɓe shi.

Mahaifiyarki